Sinadarin Zink a Nonon Uwa: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da ƙwayar zink ta zama abin da ake haɗa wa yaro mai gudawa tare da ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a ƙananan asibitoci, iyaye mata suka fara tambaya: shin babu wannan sinadari a nono ne, da har sai an nemo shi a kemis? Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu jego, da kakanni, da iyaye maza. Alƙaluman da aka kawo matsakaita ne, domin nonon wata yakan ɗara na wata.

Mene ne zink, kuma wane aiki yake yi a jikin jariri?

Ma'adini ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, amma kullum. Duk zink ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, mafi yawansa a tsoka da ƙashi, amma sinadarai sama da 300 da ke tafiyar da ayyukan jiki ba sa motsi sai da shi. Duk inda jiki zai gina sabuwar tsoka, ko ya sabunta fata, ko ya gyara bangon hanji, ko ya ƙarfafa garkuwarsa, sai ya nemi zink. Jariri kuwa ba shi da wani aiki sai ginin jiki: kafin wata shida ya ninka nauyin da aka haife shi da shi, zuwa shekara ya kusa ninka shi uku.

Ba a daɗe da gane cewa ɗan Adam na iya rasa shi ba. A 1961 ne likita Ananda Prasad ya ba da rahoton wasu samari a Shiraz ta ƙasar Iran, sun kai shekara ashirin amma jikinsu na yara ne, ba su balaga ba, abincinsu kusan gurasar alkama ce zalla. A 1963, a Masar, aka tabbatar cewa ƙarancin zink ne ya tsumburar da irinsu.

Nawa ne zink ɗin da ke cikin nono?

Ya danganta da kwanakin jaririn, kuma wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a riƙe. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya, yakan ɗauki miligiram 8 ko fiye a kowace lita. A mako biyu ya sauko wajen miligiram 4, a wata ɗaya 3, a wata biyu 2, a wata uku 1.5, a wata shida kimanin 1.2. Idan yaro ya kai shekara, abin da ya rage bai fi rabin miligiram a lita ba. Cikin sinadaran nono kaɗan ne ke faɗuwa da irin wannan sauri.

Jaririn da ke shan nono zalla yakan sha kusan kashi uku cikin huɗu na lita a yini. Ke nan a wata ɗaya yana samun sama da miligiram 2, a wata shida kuwa bai cika miligiram 1 ba. Daga wata bakwai zuwa shekara uku, ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka ya ce yaro na buƙatar miligiram 3 a yini. Giɓin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu shi ne batun amsar da ke kan abin da ya kamata a yi bayan wata shida.

Me ya sa yake raguwa? Ko nonona ne ya tsinke?

Nononki bai tsinke ba, kuma ba laifinki ba ne. An auna nonon mata a ƙasashe masu arziki da matalauta, duk hanya ɗaya yake bi: ya fara da yawa, ya yi ta sauka. Tsarin ya dace da jaririn da ya cika watanninsa, domin girmansa ya fi sauri a makonnin farko, lokacin da nonon ya fi zink, sannan an haife shi da 'yar ajiya a hanta wadda yake ci a hankali a watannin farko. Hanjinsa kuma yana tsotse kaso mai tsoka na abin da ke cikin nonon.

Kauri ko tsinkewar nono a ido ba ya nuna yawan zink. Nonon farkon tsotso yakan fito tsararo, na ƙarshe ya fi fari da kauri, amma maiƙo ne ya bambanta su. Gwajin da ake yi a wasu gidaje, a tatsi nono a ƙoƙo a jefa tururuwa a ga ko za ta fita, ba ya faɗin komai a kan zink ko wani sinadari, kuma ya sha raba jarirai da nono mai kyau.

Uwar mijina ta ce a matse dakashi a zubar, sai nono ya yi fari. Me zan ce mata?

Abin da za a zubar shi ne nonon da ya fi kowanne zink a duk tsawon shayarwarki, ga kuma sinadaran kariya daga cuta da ke cikinsa. Ɗan kaɗan yake fitowa, 'yan cokula a yinin farko, amma cikin jariri ma ɗan mitsitsi ne a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Gardama da suruka a ɗakin jego ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba. Ya fi sauƙi maigida ya yi wa Inna bayani tun kafin haihuwa, ko a tafi da ita awo ta ji daga bakin malamar asibiti. Yawancin iyaye ba taurin kai ne da su ba, abin da suka tarar ne, kuma lafiyar jikan suke nema.

Idan na yawaita cin abinci mai zink, ko na sha ƙwayarsa, zai ƙaru a nonona?

Galibi a'a, kuma wannan amsa takan ba mutane mamaki. Akwai sinadaran da ke bin abincin uwa kai tsaye, kamar aidin da bitamin A da B12: in sun yi ƙasa a jikinta, sai su yi ƙasa a nono. Zink ba ya cikinsu. Nono kamar mai awo ne da mudunsa: ko buhu ya cika ko ya yi rabi, mudu ɗaya zai auna. A ƙwayoyin da ke haɗa nono akwai wani furotin da masana ke kira ZnT2, shi ne ke ɗibar zink yana zubawa, kuma ba ya ƙara gudu don uwa ta sha ƙwaya.

An gwada. A wani bincike da Nancy Krebs da abokan aikinta suka wallafa a 1995, an ba mata masu shayarwa a Denver ta Amurka ƙarin miligiram 15 kullum na tsawon watanni, aka kwatanta nononsu da na waɗanda ba a ba su ba, ba a ga wani bambanci ba. Ko a wuraren da ake fama da ƙarancin abinci, inda wasu bincike suka ga ɗan tasiri, kaɗan ne, kuma bai hana saukar da aka bayyana a sama ba. Saboda haka duk mai sayar miki da wani haɗi da sunan zai cika nononki da zink, kuɗinki yake so.

To ke nan mai shayarwa ba sai ta damu da abincinta ba?

Sai ta damu, amma don kanta. Zink ɗin da ke fita a nono daga jikinta yake fita. Mace marar ciki tana buƙatar miligiram 8 a yini, mai ciki 11, mai shayarwa 12, in kuma ba ta kai shekara 19 ba 13, domin ita ma ba ta gama girma ba. Jiki yana da dabarunsa: hanji yakan ƙara tsotsa lokacin shayarwa, ƙashi kuma ya saki kaɗan daga nasa. Amma matar da ta yi kwanika, ta fita daga goyo ta faɗa ciki ba hutu, dabarun ba za su ishe ta ba.

A nan al'ada ta yi daidai. Ƙauri da gasasshen naman da ake ba mai jego abinci ne mai zink sosai. Abin takaicin shi ne gatan yakan ƙare da arba'in, alhali shayarwa shekara biyu ce, sai a koma tsarin da tsokar da ke cikin miya ta maigida ce. Nama, hanta, kifi, wake, gyaɗa, riɗi da agushi su ne abin nema, gwargwadon hali.

An ce madarar shanu ta fi nonon uwa zink. Gaskiya ne?

A lissafin lita, bayan watannin farko, haka ne: madarar shanu tana da wajen miligiram 4 a lita. Sai dai yawancinsa a ɗaure yake da furotin mai wuyar narkewa a cikin jariri. A wani gwaji na 1983 da aka yi da manyan mutane, jiki ya tsotsi kashi 41 cikin ɗari na zink ɗin nonon mace, kashi 28 na madarar shanu, kashi 31 na madarar gwangwani da aka yi da ta shanu, kashi 14 kacal na wadda aka yi da waken suya. Shi ya sa kamfanoni ke zuba zink fiye da na nono a gwangwaninsu, don a cike abin da zai wuce ba a tsotsa ba.

Ban da haka, madarar shanu ba abincin jariri ɗan ƙasa da wata shida ba ce ko kaɗan, saboda tana wahalar da ƙodarsa kuma ba ta da isasshen sinadarin ayon mai ƙara jini. Bayan wata shida, kindirmo mai tsabta a cikin abincinsa yana da amfani.

Ruwan da ake ɗura wa jariri lokacin zafi yana da alaƙa da wannan?

Yana da ita ta hanya biyu. Ruwa yana cika cikin da nono ya kamata ya cika, kuma babu zink a cikinsa. Sannan shi ne babbar ƙofar gudawa, gudawa kuwa tana wanke zink daga jiki. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, ya ishi jariri ko a zafin bazara. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, kuma ruwa ne ya fi ɓata wa sauran lissafi.

Bayan wata shida fa, me ya kamata a yi?

A ci gaba da ba da nono, a fara abinci, kuma abincin ya zama mai zink tun daga farko. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna cewa tsakanin wata 9 zuwa 11, kashi 86 cikin ɗari na zink ɗin da yaro ke buƙata daga kwanonsa zai fito, ba daga nono ba. Na ayon ma ya fi haka, kashi 97. Wato daidai lokacin da yaro ya fara rarrafe, nono yana nan da amfaninsa na kariya da kuzari da furotin, amma a fannin zink ya miƙa ragama.

Kuskure biyu ake yi a nan. Wata takan jinkirta abinci har wata tara ko goma don yaron “ba ya so”, wata kuma ta yaye shi da wuri don an ce nonon ya daina amfani. Duka biyun yaron ne ke biya. Wannan zango na wata 6 zuwa shekara 2 shi ne lokacin da tsumburewa ta fi kama yara. A binciken 2018 ɗin nan, fiye da rabin yaran Arewa maso Yammacin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Dalilan suna da yawa, ƙarancin zink ɗaya ne daga ciki.

Ina ba shi koko da kunu kullum. Ba su isa ba?

Ba su isa ba, in dai tsurarsu ne. Gero, dawa da masara suna da zink, amma suna da wani sinadari, fayitet, wanda ke kama zink ɗin a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa. Ga kuma yadda ake dama kokon jarirai: an tace gasara, an zubar da dusa, an tsinka shi da ruwa har yana bin cokali kamar shayi don ya wuce ta bulumboti. Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ɗaukar kofi ɗaya a zama guda ba. In aka cika shi da wannan, ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Kokon yaro ya kamata ya yi kaurin da in aka karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Wasu dabarun kicin da aka gada suna rage fayitet: jiƙa hatsi ya kwana a zubar da ruwan, barin kamu ya yi tsami, da barin hatsi ya yi tsiro kafin a shanya a niƙa. Haka ma jiƙa wake kafin a dafa. Ƙara garin gyaɗa, waken suya ko riɗi yana ƙara zink da maiƙo, sai dai su ma suna da nasu fayitet ɗin, don haka ba su kai nama ba.

Zink ɗin da jiki ya fi tsotsa na dabba ne. Giram 100 na dafaffen naman sa yana da wajen miligiram 5 ko fiye, ke nan cokali biyu na dakakken nama ya biya kusan rabin buƙatar yini. Rashin haƙori ba hujja ba ne: a dafa nama ko hanta ta yi laushi, a daka a turmi, a kwaɓa da romo ko a zuba a faten dankali. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka shi gari, a riƙa barbaɗa cokali a kunu. Ƙwai ɗaya yana da ɗan fiye da rabin miligiram, ba yawa, amma yana da araha kuma kazar gida na bayarwa. Zancen cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ba shi da tushe. Romo zalla ba tare da tsokar ba kuwa, ɗanɗano ne kawai.

Jaririna bakwaini ne. Lissafinsa daban ne?

Daban ne. Fiye da rabin zink ɗin da ɗan tayi ke tarawa a watanni uku na ƙarshe yake shiga jikinsa, don haka wanda ya fito da wuri ya fito da ƙaramar ajiya. Hanjinsa bai gama ƙwari ba, sannan yana ƙoƙarin girma da sauri ya cim ma tsaransa. Matsalar takan bayyana a wata na biyu ko na uku, daidai lokacin da zink ɗin nono ya sauka shi kuma buƙatarsa ta hau. Haka abin yake ga wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, da yawancin tagwaye.

Wannan ba dalilin cire shi daga nono ba ne. Babu wanda ya fi bakwaini buƙatar nonon uwarsa. A shawarwarinta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya ba irin waɗannan jarirai ƙarin zink ta baki. Likita ne zai yanke ko a ba shi, da adadin, gwargwadon nauyinsa.

Waɗanne alamu ne ke nuna jariri ya rasa zink?

Ƙarancin da ya yi tsanani yana da kamanninsa: ja da saɓar fata mai iyaka a fili a kewayen baki, hanci, ido, dubura da al'aura, wani lokaci har yatsun hannu da na ƙafa, yana ɓawo ko yana tsatsar ruwa. Sai zubewar gashi, gudawar da ta ƙi tsayawa, yawan kuka da ƙin abinci. Sau da yawa akan ɗauka ƙurajen kunzugu ne ko ƙazuwa, a yi ta shafa mai iri-iri ba sauƙi. Man shafawa mai zink da ake sayarwa don ƙurajen kunzugu yana kare fata ne kawai, ba ya maganin ƙarancin da ke cikin jiki.

Ƙaramin ƙaranci, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, ba shi da wata alama ta musamman: yaro ba ya tsawo, ba ya son abinci, yau gudawa gobe tari. A gida akan ce haƙori ne. Katin awo ya fi ido saurin gano shi.

Akwai uwar da nononta ba shi da zink tun asali?

Akwai, amma ba su da yawa. A 2006 masana suka gano cewa wasu mata suna da tangarɗa a ƙwayar gadon da ke ƙera ZnT2, furotin ɗin da aka ambata a amsar shan ƙwaya. Jinin irin wannan uwa yana da zink daidai, lafiyarta ƙalau, nononta yana zuba sosai, amma zink ɗin cikinsa na iya gaza rubu'in na sauran mata. Jaririnta, ko da ya cika watanninsa tara a ciki, yakan fara nuna alamun fata da aka bayyana a sama cikin watannin farko.

Ba uwar za a ba magani ba, domin ko ta sha ba zai shiga nonon ba. Jaririn ake ba zink ta baki, a ci gaba da shayar da shi, fatar ta fara warkewa cikin kwanaki. Idan ya kama cin abinci sosai sai a daina, ba ya dawowa. Abin da ya kamata uwar ta riƙe shi ne ƙannensa ma na iya fuskantar haka, don haka ta sanar da likita tun a haihuwa ta gaba.

Wani yaro kuma sai da aka yaye shi ƙurajen suka fito. Ciwo ɗaya ne?

Kamanni ɗaya, tushe daban. Wannan likitoci na kiransa acrodermatitis enteropathica, kuma matsalar a hanjin yaron take, ba a nonon ba: furotin ɗin da ke shigar da zink daga hanji zuwa jini ne ba ya aiki. Saboda zink ɗin nonon uwa yana da sauƙin tsotsa, nono yakan rufa masa asiri har zuwa yaye. Wanda ake ba madarar gwangwani kuwa tun makonnin farko yake nunawa. Likitoci biyu 'yan Norway, Danbolt da Closs, su suka sa masa suna a farkon shekarun 1940, kuma yara da dama sun mutu da shi kafin a gano a 1973 cewa zink ne maganinsa.

Ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin 500,000 ne ke da shi. Sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi fitowa a dangin da ke yawan auren zumunci. Mai wannan ciwo zai sha zink har iya rayuwarsa, kuma in yana sha, yana rayuwa kamar kowa.

Yarona yana shan nono, ya kamu da gudawa, an ba ni ƙwayar zink. In ba shi?

Ki ba shi, ki kuma ƙara yawan shayarwa. A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa zink cikin maganin gudawar yara tare da ORS, adadin da suka tsayar a lokacin kuma shi ne miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10, wato rabin ƙwaya, ga wanda bai kai ba, na kwana 10 zuwa 14. Yana rage tsawon gudawar, yana kuma rage dawowarta a wata biyu zuwa uku masu zuwa. Amfanin ya fi fitowa fili a yaran da suka haura wata shida, abin da ya yi daidai da saukar zink ɗin nono.

Ƙwayar mai narkewa ce. Ki tatsi nono kaɗan a cokali, ki sa ta, ki jira ta narke, ki ba shi. Kada ki tsaya ranar da gudawa ta tsaya, nan ne yawancin iyaye ke yin sakaci. Sauran kwanakin su ne ke mayar da abin da ya zube. Wasu yara sukan yi amai, ba shi bayan ya sha nono yana ragewa. Wani babban gwaji a Indiya da Tanzaniya da aka wallafa a 2020 ya nuna miligiram 5 ko 10 ma suna aiki da ƙarancin amai, don haka in ma'aikacin lafiya ya rubuta ƙasa da 20, ki bi nasa. In akwai jini a kashin, ko ido ya faɗa, ko yaron ya kasa tsotso, asibiti za a nufa nan take.

Zan iya ba lafiyayyen jariri zink don ya ƙara ƙarfi?

A'a. Wanda ya cika watanninsa, yake shan nono zalla, yake hawa a awo, ba ya buƙata. Iyakar da aka sa wa jarirai a amfanin yau da kullum ita ce miligiram 4 kafin wata shida, 5 daga nan zuwa shekara. Maganin gudawa ya haura haka ne don na 'yan kwanaki ne. Zink mai yawa na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, abin da ke jawo ƙarancin jini da raunin garkuwa. Yaron da ke karɓar kunshin gyaɗar nan ta masu tamowa shi ma ba a ƙara masa, domin an riga an zuba isasshe a ciki.

Nonon da na tatsa na ajiye, zink ɗinsa yana lalacewa?

Ba ya lalacewa. Ma'adini ne, sanyin firij ko ɗumi ba sa kashe shi. Abin da tafasawa ke ɓatawa shi ne sinadaran kariya, don haka a ɗumama ta hanyar tsoma mazubin a ruwan ɗumi. Ki dai tuna cewa nonon da aka daskarar yana ɗauke da zink na ranar da aka tatse shi ne.

Mahaifiyar jariri ta rasu, ƙanwarta mai goyon ɗan shekara ɗaya za ta shayar da shi. Nononta zai wadatar?

Allah ya ji ƙanta. Nonon ƙanwar ya fi masa madarar shanu ko koko nesa ba kusa ba, kuma yawansa zai ƙaru da yawan tsotso. A fara da gwajin jininta a asibiti, musamman na cuta mai karya garkuwar jiki. Sai dai a san cewa nonon mai goyon shekara yana da wajen rabin miligiram ne a lita, alhali sabon jariri an tsara masa mai miligiram 3 zuwa 4. Irin wannan matsala ce ake samu a asibitocin da ke tara nonon sadaka don bakwaini, saboda yawancin masu bayarwa goyonsu ya yi nisa. A gaya wa likita shekarun goyon mai shayarwar, a riƙa kai jaririn awo a kan kari, a sa ido kan alamun fata. In marayan bakwaini ne, maganar ƙarin zink ta zama ta gaggawa.

Ana iya gwada nonona ko jinin yaron a san gaskiya?

Ana iya gwada jini, amma sakamakon yana da wuyar fassara: zink na jini yakan faɗi in yaro yana zazzaɓi ko wata cuta, yakan kuma canza tsakanin safe da yamma da bayan cin abinci. Gwajin nono kuwa na'urar da ke yinsa sai manyan ɗakunan bincike, mazubin da aka tatsa a ciki ma na iya gurɓata sakamakon, kuma lambar ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da watannin goyon. Akan yi shi ne idan ana zargin matsalar ZnT2 da aka yi bayani a baya.

A aikace, likitan da ya ga irin waccan saɓar fata a kewayen baki da dubura yakan ɗebi jini in da hali, ya fara ba da zink ba tare da jiran sakamako ba. In ƙarancin ne, kukan yaron yakan ragu cikin kwana ɗaya ko biyu, fatar kuma ta fara bushewa kafin mako ya zagayo.